Ranar da Aka Sauke Albasa Don Ƙafata

Shekarar da na shiga aji uku, ana tsakiyar cirar albasa, da safiyar ranar kasuwar Aliero na faɗo daga kan jakinmu a hanyar fadama. Kunun Baba zan kai masa, kuma Inna ta ce in tafi a ƙasa, amma ni yarinya ce mai rawar kai. Jakin ya ga kare ya zabura. Sai da na ji ƙarar ƙashin, kamar an karya karan dawa, kafin zafin ya iso. Da Baba ya zo ya ga yadda ƙaurina ya lanƙwashe bai yi mini faɗa ba.

A irin wannan lokaci mu 'yan matan Liba ba mu san zama ba. Mu ɗebo ruwa, mu kai abinci gona, mu tsince lawashi a daka a dunƙula gabu a shanya a kan zana, har warin albasa ya bi mu makaranta malam ya riƙa toshe hanci. In an tashi tara kuwa sai 'yar gala-gala a gindin darbejiya, kuma ba yabon kai ba, babu mai kamo ni a tsalle da ƙafa ɗaya. Wannan ƙafar ce yanzu aka ɗaure da kara da tsumma. Dattawa suka ce sai masu ɗorin Aliero, kuma a ranar, kafin kumburi ya rufe karayar.

Mota ɗaya ce ke bi ta Maiyama ta wuce Jega har Aliero, wata doguwar bas da ta gama aiki a ƙasar da aka ƙera ta kafin a kawo ta. Akwai rubutu a jikinta da ko hedimasta ya kasa karantawa. Ba ta da tsayi daga ƙasa, tana da ƙofa mai faɗi a tsakiya, daga ciki kuma fili ne babu kujeru, da hoton wani mutum zaune a kujera mai taya. Mu yara mun ɗauka sarkin ƙasarsu ne, shi ya sa muke kiran motar Mai Kujera. A wannan filin ake jibge buhunan albasa.

Da aka kawo ni bakin titi a amalanke, motar ta riga ta cika maƙil. Direba ya leƙo ya ce sai dai Baba ya rungume ni a cinya, a naɗe ƙafar. Baba ya dubi ƙafar, ya dubi buhunan da suka kai rufi. Sai wani tsoho ya sauko, wanda daga baya muka ji sunansa Malam Buba, mutumin Sarandosa. Buhunan duk nasa ne, noman ranin da ya yi gaba ɗaya. Ya ce wa yaran mota, "Ku sabke su, ku kwantad da ɗiyag ga." Direba ya ce, "Baba, rana za ta dahwa maka su, ba ni dawowa sai jibi." Tsohon ya ce, "Na jiya. Baɗi ana noma wata. Ƙahwa hwa?"

Aka sauke su, aka shimfiɗa mini tabarma, na kwanta a miƙe. Direban, wanda ya taɓa aiki a Ikko, ya nuna hoton ya gaya wa Baba cewa kamfanin ya bar filin ne don guragu da marasa lafiya, mu ne muka mai da shi rumbu. Ya ja motar a hankali, yana kauce wa ramuka, 'yan kasuwa na guna-guni bai kula su ba. Ta ƙofar na hangi tsohon yana karyo ganye yana rufe buhunansa, har muka sha kwana.

An yi ɗori, na yi kukan da ban sake yin irinsa ba. Ƙafar ta kama, da 'yar gajarta kaɗan, gala-gala kuwa ta ƙare mini. Da muka koma gida muka ji albasar ta kwana biyu a rana, yawancinta ta ruɓe. Baba ya ɗora dammunan gero a jaki ya kai Sarandosa, tsohon ya dawo da su. Malam Buba bai ga damina biyu ba bayan haka ya rasu.

Kwanan baya ɗana, wanda yake kanikanci a Jega, ya nuna mini motocin wannan kamfani a waya. Akwai ta cikin gari, da ta doguwar tafiya, da ta 'yan makaranta, da mai hawa biyu, da mai aiki da lantarki, kuma suna da masana'antu a ƙasashe daban-daban. Har da wadda take durƙusawa kamar raƙumi don tsoho ya hau. Na ce ina irin tamu Mai Kujera? Ya ce masu sayowa sun fi son mai matakala, don a sami wurin kaya a ƙasa da kujeru har baya.

Makon jiya na tsaya gaban irin mai matakalar a tasha, sabuwa fil, mai sanyi a ciki. Na ɗaga ƙafar ta ƙi kai matakalar, direba yana ta oda, na ja da baya na koma benci jiran ƙaramar mota. Raina ya ɓaci, sannan ya yi sanyi, domin ko ba komai da ƙafata na zo tashar. Wani ya ba da noman shekararsa don in taka ta, kuma ko sunana bai tambaya ba.