Wasan da na yi a ruga ya raba marayu da shanun ubansu

Edita, bayan sallama, ina roƙon ka sama mini wuri a shafinku, don abin da ke cina ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Ni likita ne, kuma a lokacin da nake ba da labari babu wanda ya kai ni surutu tun daga Isa har Sabon Birni. In na shiga ɗakin marasa lafiya, wanda anka yi wa tiyata sai ya dafe ɗinkinsa yana roƙon a fitar da ni kafin dariya ta farke shi. In na ga kunama a bayan gida, kafin in iso asibiti ta zama akuya. Ga tumbi, ga baki, albashina kuwa bai taɓa ganin tsakiyar wata ba. Ban ɗauki ko ɗaya a ciki aibi ba.

Ina da aboki, likita kamar ni, tare munka yi karatu, tare anka turo mu aiki. Siriri ne, maganarsa kaɗan. In ya tashi daga aiki sai ya zauna ya yi rubutu a shafinsa na intanet kan yadda ma'aikaci zai tattala abin hannunsa. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya suna karanta shi kamar wa'azi. Ni kuwa na laƙaba masa Gwamnan Banki, ina gaya wa mutane in ya ci tsire wanke tsinken yake ya ajiye wa jikokinsa. Sai ya yi murmushi ya ce Allah ya shirye ni, ranar da na yi ritaya shi zai ciyar da tumbin nan.

Abin da yake rubutawa shi yake aikatawa. Ya sha faɗin cewa kuɗin da ke kwance narkewa yake, gara a maida shi abin da ke haihuwa. Don haka duk abin da ya rage masa sai ya sayi karsana ya kai wa wani dattijon Bafulatani da ke da ruga a bayan Kurawa. Dattijon ba ya karɓar takarda, don ya ce kowa na iya rubuta ta. Ƙa'idarsa ita ce mai shanu ya kawo mutum ɗaya da ya yarda da shi, su sha nono tare, ya ga fuskarsa. In mai shanu ya rasu, wannan fuskar kaɗai zai miƙa wa dabbobin. Abokina ya rasa wanda zai zaɓa duk faɗin Gobir sai ni. A hanya har roƙona ya yi, ya ce don Allah yau kaɗai in ɗaure bakina, wanga tsoho ba ya wasa in ana maganar shanu.

Ana shimfiɗa mana tabarma na manta. Na ce wa dattijon kakata Babarbariya ce, saboda haka shi bawana ne, ya yi sauri ya kawo nono mai kauri. Ya ɗan murmusa ya ce ai Barebari ba su san nono ba sai a hannun iyayen gidansu. Da na tsaya nan da na tsira. Sai anka koro shanun, abokina ya nuna ni ya ce ga mutumin. Dattijon ya dube ni ya tambaye ni ko na karɓi amana. Na ce na karɓa da hannu biyu har da tumbi, likita dai ya yi sauri ya mutu, ranar sadakar uku za ni zo da babbar mota in kwashe su kaf in kai kasuwa, in sauya mota, in tafi Makka, marayu kuwa in raba musu wutsiya. Ni kaɗai na yi dariya. 'Ya'yan dattijon sunka sunkuyar da kai, shi kuwa ya miƙa hannu ya janye ƙwaryar daga gabana. A mota abokina ya ce lalle mu dawo in gyara maganata. Na ce sai wani sati. Satin bai zo ba, hanya ma ta soma lalacewa da 'yan bindiga.

Wata rana muna zagayen marasa lafiya da safe abokina ya faɗi a gabana. Zuciyarsa ce ta tsaya. Na danna ƙirjin nan har ma'aikatan jinya sunka janye ni da ƙarfi. Mutumin da bai taɓa cin abin wani ba, wanda mutanen da ba su taɓa ganinsa ba sunka cika shafinsa da addu'a, wani na cewa dalilinsa ya gina ɗaki, wata na cewa dalilinsa ta fita daga bashi, ya tafi ya bar amanarsa a hannun mahaukaci.

Matarsa na cikin takaba ta aika a kira ni. Daga bayan labule ta ce babbar ɗiyarsu ta samu gurbin karatun likita, kuma marigayi ya gaya mata shanun nan don wannan ranar ya tara su, ni na san inda suke. Na ce ta kwantar da hankalinta, gobe za ni kawo su har ƙofar gida.

Dattijon ya yi kuka da ya ji rasuwar, ya yi addu'a mai tsawo. Da na kawo maganar shanu sai ya ce a'a. Ya ce da kunnensa ya ji abin da na ce za ni yi, kuma ga shi na zo kamar yadda na faɗa. Na ce Baba, wasa ne, a tambayi kowa a Isa, har gawa ina iya sa ta dariya. Ya ce ya tsufa, ya ga mutane da yawa da ke faɗin gaskiyar cikinsu suna dariya. Na rantse, na nemi a kawo Alƙur'ani, na durƙusa da babbar rigata cikin kashin shanu. Na koma na kawo ƙanen marigayi, ya ce bai san wannan fuskar ba, kuma ni na kawo ta. Abin da ya yarda da shi kawai, matar ta zo da kanta tare da limami in ta fita takaba.

Kafin ta fita anka kai hari kusa da rugar. Ranar da munka je da ita da liman, turaku da toka munka tarar. Wasu sun ce dattijon da mutanensa sun tsallaka Nijar. Tun daga nan babu kasuwar dabbobi da ban shiga ba, ina tambaya kamar wanda ya yar da ɗansa. Na sayar da motata anka biya kuɗin karatun shekarar farko, ga ta biyu ta taho, ni kuwa ba ni da ko kaza, don duk abin da abokina ya rubuta dariya na yi masa. Na gaya wa uwar yarinyar gaskiya, ba ta zage ni ba. Yarinyar ba ta sani ba. In ta kira ni ta ce Baba, ya labarin shanun, sai in yi sauri in sauya zance.

Ban zargi dattijon da cin amana ba. Na tabbata yana can wani daji yana kiwon su, yana tsare wa marayu dukiyarsu daga ni.

Ga masu irin halina, ku sani akwai wurin da ake ajiye wasa a bakin ƙofa, musamman inda ake maganar mutuwa da amana, don ba kowa ya san ku ba, kuma abin da kunka faɗa shi za a riƙe. In kun ɓata magana ku koma ku gyara a ranar, kada ku ce sai wani sati. Ga masu ajiya kuma, ku kai matanku su ga inda dukiyarku take tun kuna da rai. Ku kuma fatake masu shiga Nijar, don girman Allah, in kun ji labarin wani tsoho da ke riƙe da shanun likita, ku gaya masa matar ta fita takaba, ita za ta zo, ni ba za ni bi ta ba.