Baba Mai Gyaran Wuta, da Hutun da Muka Koyi Hawan Dutse

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin matata ta fari, wanda kowa a cikinmu yake kira Baba. Ya rasu a gadon asibiti bayan jinyar ciwon zuciya, yana da shekara saba'in da ɗoriya. Ina tsaye a bakin ƙofa likita ya fito ya dafa kafaɗata. Nan na gane.

Baba, rabin rayuwarka a kan turakun wutar lantarki ka yi ta, kana gyara wa mutane haske, har tafin hannunka ya yi kanta. Da na auri 'yarka, tsakanina da kai gaisuwa ce kawai: in gaishe ka kaina a ƙasa, ka amsa, in sulale in fita. Shekara da shekaru muna a haka. Sai da Allah Ya ɗauke ta, ta bar ni da 'yarmu ɗaya tilo, wadda kake kira Shalele, sannan na san ko kai wane ne.

Gidanmu ya yi tsit a wannan shekarar. In na dawo daga kantin maganin da nake aiki, sai in zauna a falo ko fitila ban kunna ba. Shalele, wadda ta gama sakandare a lokacin, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Abinci ma sai an yi da gaske. Kai da ka binne 'yar cikinka, kai ne kake zuwa duk ƙarshen mako da jakar kayan aikinka, wai ka zo duba wayoyin gidan. Sai ka kwance soket lafiyayye ka mayar da shi, ka canza ƙwan fitilar da bai mutu ba. Mun san babu abin da ya lalace. Zama kawai kake so ka yi da mu.

Da shekara ta zagayo ka ce mu haɗa kaya, ka kama mana ɗakuna a wani masauki a gindin duwatsu, mu je mu sha iska. Na kawo uzurin aiki, ka ce ai ka riga ka yi magana da mai kantin. Haka muka tafi, mu uku a mota, kai kaɗai kake ta hira.

Washegarin isarmu muna karyawa a baranda, ka hangi mutane manne a jikin dutse kamar ƙadangaru, da igiya a ƙugunsu. Ka ajiye kofin shayinka ka tafi tambaya. Da ka dawo sai ka ce akwai wata malama da ke koya wa sababbin shiga, kuma ka ce mata mu uku ne.

Na ce, "Baba, kun tabbata? Da shekarunku?"

Ka ce, "Shekarun nawa ne za su hau ko ƙafafuna? Tashi mu je."

Malamar ba ta fi Shalele da yawa ba. Ta ba mu hular kwano, da ɗamarar da ake zura ƙafafu a ciki a ɗaure a ƙugu, da takalma masu matse yatsu har mutum ya ji kamar ya yi kuka. Ta koya mana ƙullin da ake ɗaure igiya da shi, ta ce babu mai taka dutse sai ɗan'uwansa ya duba masa ƙullin da idonsa, ya kuma ja da hannunsa. Ta nuna mana yadda igiyar ta bi ta cikin ƙugiyar ƙarfe a can saman dutsen ta sauko, da yadda na ƙasa zai riƙa janye ta yayin da na sama yake hawa, don in ya zame ta tare shi.

Ka gaya mata cewa kai hawa sama ba baƙonka ba ne, ka hau turakun da suka fi wannan. Ta yi murmushi ta ce bismillah. Ka rungumi dutsen da ƙarfin damtse kamar yadda ka saba rungumar turke, ko tsayin mutum ba ka kai ba ka sulɓo, kana lilo a igiya, hularka ta karkace. Na tsorata. Kai kuwa dariya ka kama yi har da hawaye, ka ce, "Malama, na tuba. Koya min tun daga farko." Nan na ji wata 'yar dariya a bayana. Shalele ce. Rabon da in ji wannan sautin tun mahaifiyarta na da rai.

Ban taɓa ganin ɗalibi irinka ba. Malama ta ce ƙafa ce ke hawa, hannu riƙo kawai yake yi; ka wuni kana maimaitawa kamar mai haddar karatu. Ta ce ka dubi inda za ka sa babban yatsa kafin ka ɗaga ƙafar, ka bi. Ba ka ji nauyin karɓar gyara daga sa'ar jikarka ba. In ta ce ka yi kuskure, sai ka ce, "Na gode, 'yata."

Da ta ga hannunmu ya fara faɗawa, ta tambaye ka wa kake so ya riƙe maka igiya, ita tana tsaye a bayansa. Ka nuna ni. Na ce a'a, ita dai ta riƙe. Ka dube ni ido cikin ido, abin da ba mu taɓa yi ba, ka ce, "Na ba ka 'yata ka riƙe ta da amana har ranar da Mai ita Ya karɓa. Tsohon ƙashina ne ba zan ba ka ba?"

Ka hau. Ka wuce rabi, ƙafarka ta dama ta zame daga wani ɗan tudu. Na ji nauyinka gaba ɗaya ya fizgi ƙuguna, dugadugaina suka ɗaga daga ƙasa, amma ban saki ba. Ka tsaya cak a sama. Ka leƙo ƙasa ka ɗaga min babban yatsa, ka mayar da ƙafarka, ka ci gaba har ka taɓa ƙugiyar.

Da layi ya zo kaina, kai ka karɓi igiyar. Ni mutum ne mai tsoron bisa, ko tsani ba na so. Na kai tsakiya na dubi ƙasa, jikina ya sandare. Na kasa gaba, na kasa baya. Na kifa goshina a jikin dutsen, sai kuka ya ƙwace min, kukan da na riƙe tun ranar jana'izar 'yarka. Malama ta ce a sauko da ni. Na ji muryarka daga ƙasa kana cewa, "Ƙyale shi, 'yata, ina riƙe da shi. Ba sauri muke ba." Ka tsaya a cikin rana, da hannuwa masu ciwon sanyi, har na gama. Ranar ban kai sama ba. Da na sauko, ruwa kawai ka miƙo min. Shalele ta zo ta rungume ni, muka yi kukanmu tare a karon farko.

Bayan wannan hutun gidanmu ya farfaɗo. Mun koma duwatsun nan sau da yawa, har Shalele ta fi mu duka iyawa, kana tsokanarta cewa ta yi maka wayo ne don ba ta da nauyi. Ka riƙa jan tsofaffin abokan aikinka, musamman waɗanda zaman gida ya fara cinyewa. Wasu ba su taɓa hawa ba, sai dai su zauna a inuwa su yi maka ihu, amma sun fito, sun ci abinci da mutane, kuma abin da kake nema ke nan. Da likita ya hana ka hawa ba ka yi musu ba. Ka koma mai duba ƙulli da lallashin masu tsoro.

Akwai abin da ban taɓa iya yi maka godiyarsa da baki ba. Kai ka same ni a kanti wata rana, ka jira masu sayen magani suka watse, ka ce zaman kaɗaicin ya isa haka, in nemi mata. Na rasa inda zan sa fuskata. Da na samu, kai ka shige gaba wajen nema min aurenta, ka ce wa iyayenta ɗanka ne ni. A kwanakinka na ƙarshe ita ce take kawo maka abinci asibiti, kana kiranta 'yata kamar yadda kake kiran marigayiya. Ranar da muka yi maganar ƙarshe ka kama hannunta ka ce, "Ga su nan su biyu, shi da Shalele. Ba su iya faɗin abin da ke damunsu ba, sai kin riƙa tambaya." Ta yi maka alkawari, kuma tana cikawa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa makwanci. Ka karɓi alherin da ya yi a ɓoye da na sarari, Ka haɗa shi da 'yarsa a Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, abokiyar zamansa, wadda ta yi haƙuri da mu muna ɗauke mata miji zuwa duwatsu. Ga 'ya'yansa, ƙannen marigayiya, waɗanda har yau suke kirana Yaya. Ga jikokinsa da abokan aikinsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Masu zuwa gaisuwa suna tambayata me muke da shi. Ina ce musu mahaifina ne.