Ƙahon da Mudi Wanzami Ya Ƙi Kafawa

Shekara talatin ke nan, da an idar da sallar asuba a Burumburum, Mudi Wanzami zai wasa askarsa, ya rataya zabira, ya bi gida-gida. Bana ya ajiye aska, ido ya yi rauni. Kuma wallahi garin nan bai da kunya, ko mutum ɗaya bai taka ya ce masa sannu ba.

Yana da wata ɗabi'a: kafin ya taɓa kan mutum sai ya dafa jijiyar wuyansa. Haka ya dafa ta yayana Alkasim a shekarar 1957, sai ya ce masa:

"Malam, jijiyar nan tsalle take, ba tafiya ba. Haka na ji ta mahaifinku kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Ka tafi birni."

Alkasim ya dawo daga asibiti da wasu sababbin ƙwayoyi na tsinka jini. Likita ya ce zuciyarsa ba ta bugawa daidai, jini na iya daskarewa ya toshe masa ƙwaƙwalwa. Ya kuma ja masa kunne: ko tsaga ɗaya kada a yi masa.

Bazara ta shigo, lokacin da kowa ke zubar da mataccen jini. Muka kira Mudi ya kafa wa Alkasim ƙaho. Ya rungume zabirarsa.

"Ku gafarce ni. Jinin da aka tsinka, in na buɗe masa ƙofa, wa zai rufe?"

Tir da bakunanmu! Aka ce ya zama yaron likita, aka ce hannunsa ya mutu. Magidanta suka janye kawunansu, sunan jarirai ma aka daina kiransa. Ranar kasuwa aka ɗauko wani baƙon wanzami, ya yi tsaga shida a bayan Alkasim. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Har la'asar jini bai tsaya ba, baƙon kuwa ya tattara ƙahonninsa ya sulale.

Kai ne ka zo da gudu, Mudi, ba wanda ya aika maka. Kai ne ka yage rawaninka ka danne tsagar, ka hau motar gyaɗa da shi, ba ka ɗaga tafinka ba har Kano. Da aka karɓe shi a asibiti, yatsunka sun ƙage, sai da aka ɓamɓare su. Na Alkasim, mai aska da tsoron Allah!

Alkasim na nan, da ƙafarsa yake zuwa gona. Ku masu sana'a, ku koyi cewa a'a irin ta Mudi, ko za ta raba ku da abincinku.

Allah Ya saka maka, Baba Mudi. Ba ka taɓa tambayar wanda ya ɗauko baƙon nan ba. Ni ne. Gobe da hantsi ina ƙofar gidanka, in durƙusa a gaban mutanen da na zage ka a gabansu.