Dabinon da na dasa a jikin katangar Malam

A da, a unguwarmu ta Koki, ba a hawa sama sai an yi shela. Ko magini ne zai gyara indararo kafin damina, ko mai yaɓe, sai ya tsaya a gindin tsani ya ɗaga murya sau uku: "Masu gida a kimtsa, za a hau sama." Matan maƙwabta su naɗe tabarminsu su shige ɗaka. Shi kuma idan ya hau, bayansa yake juya wa gidan mutane, idonsa na kan aikinsa har ya sauko. Wanda ya saɓa wannan, aikinsa ya ƙare a unguwar. Yanzu bene ya yi yawa, kowa yana buɗe tagarsa a kan tsakar gidan wani, babu mai shela kuma babu mai jiran ta.

Fataucin fata ya kai ni ƙasashe. Na zauna a Agadas, na yi Sudan, na daɗe a Maroko. A shekarar da soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki na dawo gida gaba ɗaya, kuma cikin kayana akwai wani gwangwani mai ɗauke da ɗan tsiron dabino, ganye huɗu kacal.

A wani gari na kan duwatsu a Maroko na saye shi, inda dusar ƙanƙara ke kwanciya a kan rufin gidaje. Da Larabci muka fara magana da mai sayarwar. Da ya ga tambayoyina sun yi yawa sai ya koma Faransanci, ko zan gaji, bai san nan ma ina ji ba. Ya ce dabinon ɗan aure ne, yana jure sanyin da ke kashe sauran, kuma gajere ne, mutum yana tsaye a ƙasa zai tsinki 'ya'yansa. Na ce masa na san mangwaro ɗan aure, amma ban taɓa ganin an yanka dabino an haɗa shi da wani ba. Ya ce ba haka ake yi ba, furen wani gajeren iri aka ɗaura wa dabino, ƙwallon da ya fito shi ne wannan. Ban gamsu ba. Abin da ya tsiro daga ƙwallo yakan ɗauko kakan da ya ga dama. Jure sanyi kuwa bai dame ni ba, don sanyin Kano bai taɓa kashe ko gwanda ba. Gajartar ce ta ja ni, ita ce kuma ba ni da hanyar tabbatarwa.

A tsakar gidanmu wuri ɗaya ne rana ke samu sosai, jikin katangar da ta raba mu da Malam. Malam maƙwabcina ne na shekara talatin, malamin Alƙur'ani, kakanninsa daga Barno suka zo. Ni kuma jinin Fulani ne, don haka tsakaninmu wasa ne tun muna samari. Ranar da nake haƙa ramin ya yi sallama ya shigo, ya tsaya yana kallo.

"Bafillace, shanun sun ƙare ne, ka koma kiwon itace?"

"Dabino ne, Malam. Da shi za ka sha ruwa wata rana, ka huta da roƙon na Makka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Dabino hawa ake yi."

"Wannan ba ya tsawo."

"In ji wa?"

"Wanda ya sayar mini."

"Shi yana da katanga da ni?" Ya dubi gwangwanin, ya dubi katangar. "Bana dai kowa alkawari yake yi. Masu neman kansila ma sun ce za su yashe mana kwata."

A nan na ba shi kalmata. Na ce ba za a taɓa jingina tsani a wannan itacen ba, babu wanda zai leƙa masa gida ta dalilinsa. Ya ce Allah ya sa, ya fita.

A Agadas da Sudan dabino a lambu yake, bayan gari, wanda ya hau ba ya ganin komai sai wani dabinon. A cikin ganuwar Kano kuwa, kamu biyu sama da katanga ya isa ka ga tukunyar maƙwabcinka da wadda take dafawa. Na san da haka lokacin da na yi alkawarin, amma na jingina da maganar mutumin da ni kaina ban yarda da shi ba.

A shekara ta biyu ganyen da ke ɓangaren katanga ya fara rawaya. Wata safiya na tarar da ƙasar wajen a jiƙe, alhali ban ba shi ruwa ba. Na durƙusa na ɗebi ƙasar na sansana. Hajiya, matata, tana daga bakin madafi tana kallona.

"Alhaji, me kake nema a ƙasa?"

"Wani yana zubo abu ta kan katanga."

"Ruwan wankinmu ne yake gangarawa can. Sabulu ne yake ƙona shi, na gaya maka tun jiya."

Na sa aka karkatar da ruwan wankin, itacen kuma ya farfaɗo. Duk da haka zargin bai bar ni ba. Na ce a raina wataƙila Malam ya ji maganarmu ne ya daina. Kullum muka haɗu a hanyar masallaci sai ya ce, "Yaya gajeren naka?" Da can da na mayar masa da baƙar magana mun yi dariya. Yanzu sai in riƙa juya tambayar ina neman abin da ke ƙarƙashinta. Shi ma na lura idan ya shigo gaisuwa yakan tsaya kusa da dabinon, ya jingina sandarsa a jikin itacen kamar hutawa yake, alhali awo yake yi.

Ganyen ya wuce katanga tun kafin a sake zaɓe. Gangar jikin ta bi a hankali, ba ta tsaya inda aka ce za ta tsaya ba. A shekara ta takwas ya fitar da fure, na ga mace ce, kuma furen ya fi ƙarfin hannuna ko na yi ɗage. Macen dabino ba ta 'ya'yan kirki sai an kawo mata furen namiji, kuma tsofaffin dabinan unguwa duk an sare su an yi gini, babu wanda iska za ta ɗebo daga gare shi. Wani abokina mai lambu a bayan gari ya aiko mini da furen namiji a ƙunshe cikin takarda. Saura hawa.

Na je zauren Malam da kaina na gaya masa.

"Ashe ana hawa," in ji shi.

"Sau ɗaya ne a shekara, Malam. Zan yi shela kamar yadda iyayenmu suke yi."

"To. Gidanka ne."

Da hantsi na jingina tsani. Na yi shela sau uku, na ji motsin mata suna shigewa, na ji an rufe ƙofa. Na taka mataki huɗu, kaina ya wuce katanga, bayana yana ga gidan Malam kamar yadda ya kamata. Na buɗe furen macen, na cusa na namijin a tsakiya, na ɗaure da ganye. Aikin ya ƙare, saura in sauko.

Sai tunanin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ya dawo mini, abin da ya wuce da shekara shida. Na ce bari in ga abin da ke bayan katangar daidai gindin itacen, ko akwai turmi ko wani abin takawa da mutum zai hau ya zubo ruwa. Na juya.

Babu turmi, babu komai a jikin katangar. Malam ne zaune a kan buzunsa a tsakiyar gida shi kaɗai, ba littafi a hannunsa, ya ɗaga kai yana kallona. Ya shigar da iyalinsa ɗaka, shi kuma ya zauna ya ga ko zan juyo. Muka haɗa ido. Na kawar da kaina. Na sauko daga tsanin.

Da yamma na je ba shi haƙuri. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ba komai, Alhaji." Tunda muke bai taɓa kirana Alhaji ba sai ranar.

Bayan mako biyu magina suka zo gidansa da bulo da siminti. Suka yi shela, muka shige ɗaka, suka ɗora layi biyar a kan tsohuwar katangar ƙasa. Dabinon ya yi 'ya'ya a shekarar, ƙanana masu kaurin ƙwallo, zaƙinsu kaɗan. Mun ci gaba da gaisawa da Malam a ƙofar masallaci har ya rasu, amma wasa tsakanina da shi ya ƙare tun daga ranar da na juya a kan tsani, kuma bai sake taka tsakar gidana ba.