Lambar Yabon Rahila

Aikin farko yau: gasa ƙafafu da ruwan zafi.

Jiya na kammala gudun fanfalaki a birni, na miƙa wuya a rataya mini lambar yabon da na yi wa 'yata Rahila alkawari. Aka ce sun ƙare.

Sai ga wani da tasa a wuya, ko gumi babu. Shi na gani yana sauka daga acaɓa a kwanar ƙarshe.

"Ɗan'uwa, ba kai ne kan mashin ba?"

"Oga, kai da ƙafa ka yi duka?"

Wata huɗu ina atisayen gudu a hanyar Kagoro da asuba. Ko ni ne ban gane tsarin ba? Ku faɗa mini.

Gobe:
- neman motar Kafanchan, in koma gida
- wanke takalmi
- abin da zan gaya wa Rahila