Muryar Baba Tela a Bayan Jita

Akwai wata Asabar a Keffi da ba na jin zan manta da ita ko da tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa. A ranar na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, a ranar kuma na yi dariya har cikina ya ƙulle, duk a shagon mai gyaran rediyo, duk a kan wata tsohuwar waƙa guda ɗaya.

A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a Abuja amma ina zaune a gidanmu a unguwar Liman Abaji a Keffi, kamar yadda da yawanmu muke yi a shekarun da ake ta faɗaɗa hanyar Abuja, haya kuma ta gagari kowa a birnin. Litinin zuwa Juma'a rayuwata a cikin mota take. Asabar kuwa tawa ce. Da hantsi sai in wuce shagon abokina mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, inda muke haɗuwa muna jin kiɗan rok na da, irin mai kukan jita ɗin nan da samarin ƙasar nan suka yi a Legas tun ina rarrafe. Akwai ni, akwai mai shagon, akwai wani malamin sakandare da ba a taɓa kayar da shi a musu ba, a nasa ganin. Sai Baba Tela, wani dattijo Kirista mutumin wajen Garaku, mai shagon ɗinki a Angwan Iya, wanda a haife ya haife mu duka.

Waƙar da muka fi so tana cikin wani kaset da ya sha jiki. Jagoran mawaƙan da Turanci yake rerawa, ana jin sa sarai. Amma idan aka zo amshi, can ƙarƙashin jita da ganga akwai wasu muryoyi da ke tasowa kamar daga bayan katanga, kana jin daɗinsu ba ka jin abin da suke faɗa. A nan musunmu yake. Malamin makaranta ya rantse Turanci ne, har ya rubuta mana kalmomin a bayan takardar jarrabawa. Mai gyara ya ce Yarbanci ne. Ni kuwa na tsaya kai da fata cewa babu wasu 'yan amshi, jagoran ne aka ɗauki muryarsa sau biyu aka ɗora. Ban san komai a kan ɗaukar sauti ba, amma ni mutum ne da idan na faɗi magana sau uku sai in fara yarda da ita da kaina.

Wata rana muna cikin wannan, sai Baba Tela ya ajiye kofin shayinsa ya ce, “Yara, ku huta haka. Mutum biyu ne, namiji da mace. Namijin ni ne.”

Muka fashe da dariya. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya ce yana saurayi ya je Legas koyon ɗinki, maigidansa ne ke ɗinka wa mawaƙan kayan wasa. Ran nan aka aike shi ya kai musu riguna situdiyo, ya tarar masu amshi ba su zo ba, lokaci yana ƙurewa. Sai aka jawo shi gaban makirfo, shi da wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙan cocin da ke kusa. “A amshi na uku na yi gaggawa na shiga kafin lokaci,” in ji shi. “Yarinyar ta mangare ni a ƙeya, dariya ta kuɓuce mini. Ba su sake ɗauka ba. Yana nan a ciki.”

Mun mai da kaset ɗin baya ya fi sau goma. Ba mari, ba dariya, sai jita tana ta kuka.

“Baba, ina shaida?” na tambaye shi. “Ina yarinyar?”

Ya ce, “Ba zan iya kawo ta ba.”

Shi ke nan na samu abin wasa. Daga ranar na laƙa masa Tauraron Legas. Yana shigowa sai in miƙe in share masa kujera, in ce a yi wa tauraro hanya. Yana murmushi, ni kuma ina ɗauka daɗi yake ji. Ban tsaya a nan ba. Wata rana a Abuja na ci karo da waƙar an sake fitar da ita a faifan sidi, da takarda mai ɗauke da sunayen duk waɗanda suka yi aikin. Na saya ina rawar jiki. Ranar Asabar na tsaya a tsakiyar shago na karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, tun daga mai jita har mai ɗaukar hoto, ina kallon Baba bayan kowane suna. Nasa ba ya ciki.

“To Baba,” na ce, “ko da wani suna kake yawo a Legas?”

Aka yi dariya, amma ba ta yi ƙarfi ba. Baba ya ɗauki hularsa, ya kakkaɓe ta a gwiwa. “Ɗana,” ya ce, “shekara da shekaru ina ɗinki a garin nan, ban taɓa ce wa mutum yadinsa bai isa ba alhali ya isa. Yau a kan waƙa zan fara ƙarya?” Ya fita.

Asabar uku bai zo ba. Muna sa kiɗa amma ba armashi, kujerarsa tana nan a gefen ƙofa ba mai zama. Na san na yi ba daidai ba, sai dai girman kai ya hana ni taka Angwan Iya. Kuma gaskiya, har a lokacin ban yarda da labarinsa ba.

A Asabar ta huɗu, wajen ƙarfe sha ɗaya, wata dattijuwa ta tsaya a ƙofar shagon da kwandon cefane a hannu. Duk mun san ta. Matar Baba ce, shugabar zumuntar mata a cocinsu, macen da idan ta ratso layi har 'yan acaɓa suna rage sautin rediyo. Muna gaishe ta ta katse mu.

“Wane ne a cikinku ya mai da mijina maƙaryaci?”

Malamin makaranta, gwanin musu, ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin benci. Na ce, “Mama, wasa ne.”

“Wasa? Mutum ya daina cin abinci, ya zauna gaban keke ba ya ko waƙar da ya saba. Sa mini abin nan in ji.”

Mai gyara ya ce, “Mama, ki ɗan zauna, akwai abin da nake son gwadawa tun kwanaki.” Ya juya bayan rediyon ya kwance wayoyin sifika. Ya yi mana bayani yana aiki. Tsohon kaset ɗinsa daga ƙaramar rediyo aka kwafe shi, komai a cakuɗe yake. Sabon faifan da na kawo kuwa yana da hagu yana da dama. Idan ka ɗauki sifika ɗaya ka haɗa ta tsakanin jajayen wayoyin ɓangarorin biyu, duk abin da aka ajiye a tsakiya sai ya ɓace, na gefe ya rage. Ya murɗe wayar da haƙori, ya danna.

Jagoran ya ɓace kamar an rufe masa ƙofa. Ganga ta yi nisa, jitar ma ta ja baya. Sai ga muryoyi biyu tar a gabanmu, ɗaya ta namiji mai ɗan rawa, ɗaya ta mace siririya mai zaƙi. Amshi na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Ana gab da na uku sai namijin ya faɗo shi kaɗai kafin lokaci. Muka ji tas! Sannan wata 'yar dariya da aka yi ƙoƙarin haɗiyewa ta ƙi haɗiyuwa. Dariyar nan na san ta, kowace Asabar ina jin ta a gefen ƙofa.

Faifan da na sayo don in kunyata dattijo shi ne ya tsaya masa shaida. Ban gama jin kunyar ba sai na ji muryar macen ta ƙaru, ta zama biyu. Na juya. Mama ce, kwando a cinya, ido a rufe, tana bin waƙar daidai ba kuskure.

Da waƙar ta ƙare ta buɗe ido ta ce, “Ni na mangare shi. Kuma ya cancanta.”

Ta ce mahaifinta mai wa'azi ne, da ya ji ta sa murya a kiɗan 'yan gayu da kashinta ya bushe. Shi ya sa tun kafin aurensu ta sa Baba ya yi mata alkawari ba zai taɓa ambatonta ba. Daga baya kuma ta zama shugabar mata, abin ya ƙara nauyi. “Ya riƙe mini har kuna yi masa dariya bai buɗe baki ba. To ni na saki. Ba zan zauna yara suna wasa da furfurarsa saboda ni ba.”

Malamin makaranta ya fito daga ƙarƙashin benci da takardarsa. “Mama, amma dai Turanci ne ko?”

“Wane Turanci? Ba wanda ya ba mu kalmomi. Waƙar niƙa ce ta matan garinmu, da yaren Mada. Ita na koya masa a tsaye.”

Ni na tafi Angwan Iya da ƙafata. Na sami Baba yana yanka yadi, na durƙusa har ƙasa na ce, “Baba, na ji dariyar. Ka yafe mini.” Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Ka ji marin?” Na ce na ji. Ya shafa ƙeyarsa. “Har yau idan hadari ya haɗu wurin yana yi mini ƙaiƙayi.”

Da muka dawo shagon ya cika, masu tumatir da 'yan acaɓa har bakin titi. Aka sake sa waƙar. Baba da Mama suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna amshi, muryoyin sun tsufa amma ba su ɓace hanya ba. Ana gab da amshi na uku na ga idon Baba yana ƙyalli. Da gangan ya faɗo kafin lokaci. Mama ba ta ko juya ba ta ɗaga hannu, tas! Shagon ya kaure da ihu. Na yi dariya har hawaye, rabinsa na daɗi, rabinsa na kunya.

Yau Baba ba ya duniya, shagon gyaran ma ya zama wurin sayar da waya. Amma abin da ranar ta koya mini yana nan. Ni da nake ganin duk wanda ya kasa kawo shaida ƙarya yake yi, na gane wani yana da shaidar a cikin gidansa, tana dafa masa tuwo kullum, alkawari ne ya rufe masa baki. Tun daga lokacin, idan dattijo ya faɗi abin da ban iya tabbatarwa ba, nakan rage tawa muryar in ƙara saurare. Sau da yawa ni ne jitar da ke hana a ji shi.