Gaton Mansura Mai Ɗanyen Ciki

Shekara ashirin da shida Mansura tana gasa gato, wato kek, a Malbaza, a unguwar da ke bayan tasha. Ba ta da murhun zamani. Tukunyar ƙarfe gare ta, ta zuba yashi a ƙasa, ta jera gwangwanayen madara masu kwaɓin gato a kai, gawayi a ƙasa, gawayi bisa marfi. Ƙa'idarta ɗaya ce tun tana amarya: za ta ciro tsinke daga sabuwar tsintsiya ta soka a tsakiyar gato. In ya fito a bushe, ya gasu. In ya fito da danshi, a mayar. Ba a taɓa jin wanda ya ce Mansura ta ba shi ɗanye ba, kuma da wannan aka san ta har Alela.

Mijinta Halilu direban kamiyon siminti ne, ya ajiye aiki shekara uku da suka wuce. Bana ciwo ya kwantar da shi wata biyu. Ya tashi, amma abinci ya fita ransa. Tuwo ya ƙi, fura sai kurɓi biyu. Likita ya ce in bai ci ba, maganin ba zai yi aiki ba.

Ran wata Talata ya ce mata, "Innar Nazifa, akwai wani gato da na taɓa ci a Kwatano, gidan ubangidana. Kore ne, ɗanɗanon shayi gare shi. In ka tsaga, cikin sai ya malalo."

"Ya malalo? Malam, ai ɗanye suka ba ka."

"Haka ake yin shi."

"Haka suka ce maka don kai baƙo ne."

Duk da haka ta tashi. Ta ɗebi ganyen shayin da yake dafawa da abokansa, ta daka a turmi, ta tankaɗe sau uku, ta kwaɓa da ƙwai da man shanu da sukari da fulawa kaɗan. Kwaɓin ya yi kalar miyar kuka. Ta daɗe tana kallonsa.

Na farko ya yi ɗaci. Na biyu ta rage ganye, ɗacin ya tafi. Halilu ya tsaga, ya duba, ya ture. "Ina ruwan cikin?" Na uku ta huda tsakiya ta zuba shayi dafaffe, gaton ya shanye ya zama kamar jiƙaƙƙen burodi. Ta rasa gane abin da mutumin nan yake nema. Ta san gasasshe, ta san ɗanye, ba ta san wani abu tsakaninsu ba.

A gwaji na huɗu, ranar Asabar da hantsi, Halilu ya jawo tabarmarsa kusa da tukunya. Saman gaton ya fara tsagewa ke nan, Mansura ta shiga ɗaki ɗauko tsinke. Kafin ta fito ya buɗe marfin, ya sa bakin rigarsa ya ciro gwangwani ɗaya, yana hura yatsu.

"Malam! Mi kake yi haka? Ban soka ba!"

Ya kife shi a faranti, ya sa cokali. Gefen ya tsaya daram, tsakiyar ta malalo a hankali, kore, tana tururi. Mansura ta yi sauri ta tura ƙyauren gida kada wata maƙwabciya ta leƙo.

Ya cinye tas, ya lashe cokalin, ya ce a ciro masa wani.

"Wanga ne?" ta tambaya, tsinken yana hannunta.

"Shi ne. Har ya fi na Kwatano."

"To ni shekara ashirin da shida mi nike koyo?"

Daga ranar ya koma cin abinci, kaɗan-kaɗan, har tuwo. Mansura tana nan tana gasa wa mutane gato, kuma kowane ɗaya sai tsinke ya shige shi. Gwangwani guda ne kawai take cirewa da wuri, ta miƙa wa Halilu ba tare da ta duba cikinsa ba. Har yau ba ta ɗanɗana ba, kuma ta hana shi faɗa wa kowa cewa a tukunyarta aka yi.